Masaukin gandun Itasca: zan iya kai Hajiya ta kwana a can?

Maman Hanifa, St. Paul

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san arewacin Minesota. Surukata za ta zo mana daga Katsina a watan Yuli. Tun zuwanta na baya take mita wai mun kulle ta a gida, daga kanti sai asibiti sai masallacin Juma'a, ita ba ta ga Amurkar da ake ta faɗa ba. Shi ne maigidan ya ce bana mu kai ta gandun shaƙatawa na Itasca, inda kogin Misisipi ya faro, mu ɗan kwana biyu a bakin tafki.

Damuwata masauki. Na shiga shafin hukumar da ke kula da gandun, na tarar da sunaye barkatai, ga Douglas Lodge, ga ɗakunan katako iri-iri, kowanne da kuɗinsa. Hotunan duk sun yi kyau, amma ai wari ba ya fita a hoto. Da na ga an rubuta cewa a 1905 aka gina babban masaukin sai gabana ya faɗi. Ginin gwamnati, na katako, a bakin ruwa, ya haura shekara ɗari. Ku da kanku kun san abin da ya zo mini a rai.

Hajiya na fama da ciwon gwiwa, ba ta hawa bene. Kuma mace ce mai tsantseni a kan tsarki, in ban-ɗaki bai yi mata ba, ba za ta ce komai ba, sai dai ta daina cin abinci don kada ta shiga. Mu shida ne da yara. Don Allah wanda ya taɓa kwana a can ya gaya mini gaskiya: ana kula da wurin kuwa? Wane irin ɗaki ya dace da mu? Ko mu haƙura mu kama otal a gari, mu riƙa shiga da rana?

Kafinta Na-Gwammaja, St. Cloud

Wa alaikumus salam Maman Hanifa. Allah Ya kawo Hajiya lafiya, Ya ba ta sauƙin gwiwar.

Ki kai ta. Amma kada ki kama mata ɗaki a cikin tsohon ginin Douglas Lodge, kuma ba don ginin ya lalace na faɗi haka ba. Ɗakunan kwanansa a sama suke, matakala ake hawa, wasunsu kuma ban-ɗakin haɗaka ne da sauran baƙi. A Yuli a can rana ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare, isha'i ta kai wajen sha ɗaya, asuba kuma ta shigo tun uku da wani abu. Ki duba mini tsohuwa da butarta tana bin lungu da ƙarfe uku na dare, katakon ƙasa na ƙara, Turawa na barci dama da hagu. Ita ba ta sake ba, ke ma ba ki sake ba. Ku je can da rana, ku zauna gaban babban murhun dutse da ke falon ƙasa, in ɗakin cin abincin na buɗe ku ci kifi, ku ɗauki hoto, ku koma wani ɗakin ku kwana.

Ni aikin katako na gada tun a Kano, a nan kuma gyaran gidajen haya nake yi, saboda haka ko yawon buɗe ido na je, iyalina na kallon tafki ni ina tsugune ina kallon gindin bango. Sun gaji da yi mini magana. Abin da nake so ki raba a ranki abu uku ne da mutane ke cakuɗawa in suna rubuta ƙorafi a intanet: tsufan gini daban, rashin kayan zamani daban, sakaci kuma daban. Wani zai ba wuri tauraro biyu don babu talabijin ko don wayarsa ba ta kama sabis ba. Wannan ba lalacewa ba ce, da gangan aka bar wurin haka. Sakaci shi ne rufi na yoyo an sa bokiti, ko ragar taga ta yage tun bara ba a ɗinke ba.

Ginin gungume ba shekaru ke kashe shi ba, ruwa ne. Muddin itace a bushe yake, zai yi shekara ɗari biyu yana tsaye. Da zarar danshin cikinsa ya wuce kamar kashi 20 cikin ɗari ya zauna a haka, sai fumfuna ta kama, ruɓa ta fara daga ciki, daga waje kuwa ki gan shi sumul. Wuraren da abin ke farawa sanannu ne: gungumen ƙasa, wanda ruwan rufi ke faɗowa ya fantsamo masa, bakin gumagumai a kusurwa, don ta nan itace ke shan ruwa, sai tsagar da ta buɗe tana kallon sama, ruwa ya shiga ya kwanta. Wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san zancen. In ba a yi yaɓe an gyara indararo kafin damina ba, ba soron ne ke fara zubewa ba, gindin katanga ne ke zaizayewa. To haka nan ma, aikin kowace shekara ne, ba wanda ake yi sau ɗaya a huta ba. Kuma wani gyaran ɓarna ne: a zo a shafa fenti mai kauri don wuri ya yi ƙyalli, fentin ya kulle danshi a ciki, bayan 'yan shekaru ki soka sukundireba ta nutse.

Gine-ginen Itasca da na duba, a idona na mai sana'a, akwai hannu a kansu. Za ki ga inda aka cire ruɓaɓɓen gungume aka sa sabo, launinsa bai gama sajewa da na kusa da shi ba. Ni wannan facin shi ke kwantar mini da hankali, don ya nuna wani na zagayawa yana dubawa.

Sai hunturu. A wannan yankin sanyi kan kai digiri 30 ƙasa da sifili, wani lokacin ya wuce. Ruwa in ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin ɗari, ya isa ya fasa bututun ƙarfe. Ƙasa kanta daskarewa take, shi ya sa dokar gini a arewacin jihar ta ce a zurfafa harsashi ƙafa biyar. Saboda haka yawancin ɗakunan da ke gandun na rani ne kawai: daga wajen ƙarshen Mayu zuwa farkon Oktoba, sannan a tsiyaye ruwan bututu a kulle. Ɗakin da ya yi wata bakwai a rufe cikin daji dole ya yi warin rufi a makonnin farko, kuma ɓeraye da jemagu ba su san dokar gwamnati ba, in sun sami kafa za su shiga. Ku da za ku je a Yuli kun tsira daga yawancin wannan, an riga an buɗe an sha iska.

Kin ce ginin gwamnati, na gane inda kika dosa. Gaskiya ne kuɗi bai taɓa isar wurin ba, tun ranar farko. A 1891 majalisar jihar ta amince da kafa gandun da rinjayen ƙuri'a ɗaya tak, shi ne na farko a Minesota, kuma Jacob Brower da aka naɗa ya kula da shi ba a ware masa ko albashi ba. Mafi yawan gine-ginen dutse da katako masu kyau da za ki gani samarin CCC ne suka yi su, rundunar aikin da gwamnatin Roosevelt ta kafa a 1933 don samar wa matasa abin yi lokacin karayar tattalin arziki. Rundunar ce ta gina Forest Inn, aka gama a 1940. Akwai wani ɗan ɗaki nasu da ake kira Old Timer's Cabin, gungume huɗu kacal aka ɗora suka kai tsayin bango, ki ƙiyasta kaurin itacen. Irin wannan itace yanzu ko da kuɗinka ba ka samu a kasuwa.

Kuma wurin na cikin rajistar wuraren tarihi ta ƙasa. Ma'ana in taga ta lalace ba za a je kanti a sayo ta alminiyam a liƙa ba, sai an yi wadda ta dace da ta asali, a nemi izini, a nemo mai iya aikin. Abin da zan gama a gidan haya cikin yini guda, a can sai ya ci wata da watanni a takarda. Ƙananan gyare-gyare daga kasafin DNR, hukumar da ke kula da gandayen jihar, suke fitowa da kuɗin da baƙi ke biya. Manya kuwa, irin sauya rufi ko bututun ƙarƙashin ƙasa, sai majalisa ta amince da bashin gine-gine, kuma akwai shekarar da ake tashi baram-baram ba a amince ba, kamar 2022. A 2011 ma da rikicin kasafi ya tsayar da gwamnatin jihar, rufe gandayen aka yi gaba ɗaya daga 1 ga Yuli, kusan mako uku, a tsakiyar lokacin baƙi. Abin da ya taimaka shi ne ƙuri'ar 2008, da mutanen jihar suka yarda a ƙara musu harajin saye da kashi uku cikin takwas na kashi ɗaya cikin ɗari har shekara 25, aka ware kashi 14.25 na kuɗin don gandaye da hanyoyin daji. Duk sayayyar da kika biya wa haraji a kanti kina zuba wani abu a ciki, don haka in kin ga abin da bai yi ba, ki yi magana da ƙarfin gwiwa, ba alfarma ake miki ba.

Abin da zan ce ki nema shi ne Four-Season Suites, suna nan kusa da Douglas Lodge. Su ginin baya-bayan nan ne, ana kwana a cikinsu har da hunturu, kowanne da ban-ɗakinsa da ɗan kicin. Ɗakin da ake amfani da shi duk shekara ba ya yin wannan warin rufin. Kada ki tsaya a shafin intanet kawai, ki buga waya ofishin gandun ki ce kina da tsohuwa mai ciwon gwiwa, kina son wanda aka tanada don masu keken guragu: babu matakala, akwai ƙarfen dafawa a ban-ɗaki, shawa kuma ba sai an ɗaga ƙafa an tsallaka baho ba. Ki tambayi mutum nawa ɗaki ke ɗauka, don ku shida wataƙila sai biyu. Ana buɗe kama ɗaki kwana 120 kafin ranar, kuma na ƙarshen mako a Yuli ba sa kwana. Ki ƙirga baya, ki tashi da safe ranar. In kuna iyawa ku je tsakiyar mako.

Ɗan Damagaram, Columbus

Kai Bakano! An tambaye ka ɗaki ka kawo mana tarihin majalisa. Wato ko a Amurka ba ku bar dogon ciniki ba.

Hajiya Maman Hanifa, ni ban taɓa zuwa Itasca ba, amma ina da abin faɗa a kan masaukan gandayen jiha, don na ɗanɗana. Bara muka je wani a wata jihar, ba zan kira suna ba, shi ma a bakin tafki, katafaren gini mai ɗakuna da yawa da wurin ninƙaya. Ba ma tsohon tarihi ba ne. Muna buɗe ƙofa wari ya tare mu, irin na kafet da ya sha ruwa ya bushe ya sake sha. Esin da ke jikin bango na ɗiga a ciki, an shimfiɗa masa tawul a ƙasa, kuma daga ganin tawul ɗin ba ranar aka sa shi ba. Silin ban-ɗaki da baƙin tabo. Ƙofar baranda ba ta kulluwa. Kuɗin da muka biya kuwa ya fi na otal mai kyau a cikin gari. Na koma wurin karɓar baƙi, yarinyar da ke wurin, baiwar Allah, ta ba ni haƙuri ta ce ɗakuna sun cika. Sai washegari aka sauya mana, wanda aka ba mu kuma lafiya lau, kamar ba gini ɗaya ba.

Abin da ya sa na kawo wannan, Alhaji Kafinta ya yi bayani mai kyau, amma ina jin ƙanshin uzuri a ciki. Ni baƙo ne, ba ɗan majalisa ba. Ban damu da wace shekara aka ƙi amincewa da bashi ba. In ɗaki bai cancanci a kwana a ciki ba, a rufe shi, kada a karɓi kuɗin mutum. Suna yin haka ne don sun san ba su da abokin gasa, tafkin nasu ne, duk mai son ya farka ya ga ruwa dole ya zo wurinsu. Ni a ganina, mai tafiya da tsohuwa ya kama otal a gari mafi kusa, ya san abin da zai tarar, da rana ya shiga gandun ya sha kallo.

Hajiya 'Yar Zongo, Brooklyn Park

Salamu alaikum. Ƙanwata, mun je da mahaifiyata kafin ta koma Kumasi, kuma har yau in mun yi waya sai ta tambayi tafkin nan. Mu a ɗakunan Bear Paw muka sauka, na katako ne tsofaffi, suna da ɗan wurin girki. Ƙanana ne, ban ɓoye miki ba, amma mun tarar da su a share, zannuwa fes. Ga mai ciwon gwiwa dai ki bi shawarar Baba Kafinta.

Bari in faɗi abin da maza ba za su tuna ba. Ki tafi da buta biyu da silifas na ban-ɗaki da tsofaffin tawul daga gida. Ki tafi da namanki a cikin kular ƙanƙara daga shagunan Somaliyawa na Miniyapolis, don da kin wuce St. Cloud kada ki sa ran samun na halal cikin sauƙi. Sauran cefane akwai manyan kantuna a Park Rapids, kamar mil 20 kudu da gandun, akwai asibiti ma a garin in Allah Ya kiyaye. In za ku ci a waje, kifin tafki da suke kira walleye ba shi da matsala, amma miyar shinkafar dajin nan da suke alfahari da ita ki tambaya tukuna, sau da yawa da naman alade ake haɗa ta. Wani abin da zai faranta wa Hajiya: a ƙa'idar gandayen jihar nan ba a shiga da kare ɗakunan kwana, sai karen da ke yi wa mai lalura hidima. A otal kuwa ba ki san wanda ya kwana jiya da me ya kwana ba.

Sauro kam akwai shi, ba na wasa ba, musamman da magariba. Ba ya sa zazzaɓin cizon sauro irin na gida, amma zai hana ku zama a waje. Abin tsoro kaska ce, ƙarama ƙwarai, ita ke kawo cutar Lyme, kuma yankin na cikin inda ta fi yawa. Kowane dare ki duba jikin yaran, bayan kunne, hammata, bayan gwiwa, cikin gashi.

Wurin da kogin ya fito daga tafki ba nisa daga inda ake ajiye mota, hanyar a shimfiɗe take, ko da keken guragu ana zuwa. Yara na tsallaka kogin a kan duwatsu. Akwai gungumen da aka kafa aka rubuta cewa daga nan ruwan zai yi tafiyar mil 2,552 kafin ya kai teku. Mama ta zauna a benci ta cire takalmi ta sa ƙafa a ruwan. Ginin da ke wurin sunan wata mace aka sa masa, Mary Gibbs, wadda a 1903, tana da shekara 24, ta riƙe gandun bayan rasuwar mahaifinta, ta tsaya wa masu saran itace da suka datse ruwa har ya fara cinye itatuwan bakin tafki, aka yi mata barazana da bindiga ba ta ja da baya ba. Ki ba 'yan matanki labarin. Sannan akwai hanyar mota ta cikin daji mai kamar mil goma, Hajiya na zaune za ta ga komai ba tare da ta taka ƙasa ba.

Kafinta Na-Gwammaja, St. Cloud

Ɗan Damagaram, ai dole ka ji dogon bayani ya yi maka yawa, ku da kun ga rumfa kun ce masauki. Amma maganarka ta ɗakin da bai cancanta ba a rufe shi, na sa hannu. Ban ba kowa uzuri a kan ƙazanta ba. Shara da wankin zannuwa ba sa jiran majalisa.

Sai dai ka lura da abin da ka faɗa da bakinka: gini ɗaya, ɗaki ɗaya ruɓaɓɓe, ɗaya lafiya lau. Haka abin yake a irin waɗannan wurare, gyara bi-da-bi ake yi gwargwadon kuɗin da ya shigo, wannan ɓangaren bana, wancan sai baɗi ko baɗin baɗaɗa. Shi ya sa tambayar "wurin na da kyau?" ba ta da amsa ɗaya. Tambayar da ke da amfani ita ce wane ɗaki, yaushe aka gyara shi. Masu ɗaukar waya a ofisoshin nan yawanci ma'aikatan wurin ne, in ka tambaye su kai tsaye suna faɗa maka. Kuma esin da ka gani yana ɗiga, ƙaramin bututun da ke fitar da ruwansa ne ya toshe ko kuma an kafa shi ya karkato ciki, aikin minti ashirin ne. Wanda ya shimfiɗa tawul ya bar shi, shi ya ruɓar da kafet da katakon ƙarƙashinsa, gyaran dala kaɗan ya koma na dubbai. Wannan shi ne sakacin da nake nufi, kuma a sabon gini ka same shi, ba a na 1905 ba.

Zancen otal a gari kuwa, zaɓi ne, ban hana ba. Amma a lissafa: mil 20 zuwa, mil 20 dawowa, da tsohuwa da yara, ga sallar azahar da la'asar a hanya, ga ta tana son ta ɗan kishingiɗa da rana. Kuma lokacin da tafkin ya fi daɗin kallo shi ne da sassafe, hazo na tashi a kan ruwa, tsuntsun nan na ruwa da ke jikin wasu lambobin motocin jihar na kuka. Mai kwana a gari ba ya riskar wannan.

Maman Hanifa, in kun isa, kafin a sauke kaya ki shiga ke kaɗai. Ki fara da hanci: warin itace da hayaƙi ba komai, warin jiƙaƙƙen tsumma shi ne abin gudu. Ki ɗaga kai ki duba sili ko akwai tabon ruwa. Ki buɗe kabad ɗin ƙarƙashin wurin wanke-wanke ki shafa hannu, nan yoyo da kashin ɓera ke ɓuya. Ki taka ƙasan da ke kewaye da masai, in ya yi laushi ko masan na motsi, ruwa ya daɗe yana shiga. Ki sake ruwan zafi ya ɗan zuba. Ki bi ragar kowace taga da ido, don huda ɗaya ta isa ta hana ku barci. In kin ga matsala ki ɗauki hoto, ki je ofis a lokacin, tun ma'aikatan gyara ba su tashi ba. Ƙorafin da aka kai bayan an koma gida ba ya gyara wa kowa dare.

Akwai kuma wanda ya shafe mu mu kanmu, tun da Hajiya 'Yar Zongo ta ambaci buta. Ban-ɗakin ƙasar nan ba shi da magudana a ƙasa. A gida siminti ne da rariya, ka kwara ruwa ya wuce. A nan ƙarƙashin tayil ko ledar katako ne, duk ruwan da ya zuba sai ya nemi gefen masai ko gindin bango ya shige. A gidajen hayar da nake gyarawa, in na ga ƙasan ban-ɗaki ya ruɓe a gaban wurin wanke hannu, kafin a gaya mini na san masu alwala ne a gidan. Ki nuna wa Hajiya ta riƙa alwala a cikin shawa, ki sa mata kujerar roba ta zauna, ya fi mata sauƙi ma a gwiwa. Tawul ɗin da aka ce ki kawo ki shimfiɗa su a ƙasa, da safe a shanya.

Maman Hanifa, St. Paul

Kai, Allah Ya saka muku da alheri, Ya bar zumunci. Baba Kafinta na gode ƙwarai, na karanta wa maigidan duka, zancen alwala a shawa ya ce da shi kake. Yaya Hajiya, kaskar nan ban taɓa kawo ta a raina ba. Malam Ɗan Damagaram, ban yar da maganarka ba, zan kama ɗaki a gandun amma zan riƙe lambar wani otal a Park Rapids a waya, in mun tarar da abin da bai yi ba mu juya.

Na buga ofishin yau, matar da ta ɗauka ta yi mini bayani a natse, na kuma sa ranar da za a buɗe kama ɗakin a kalanda. Saura tambaya ɗaya. Ƙanin maigidan da iyalinsa sun ji labari sun ce su ma za su biyo mu daga Fargo, kun ga mun zama taro. Akwai inda zai ɗauke mu duka? Kuma maigidan na son ya gasa nama a waje, yana da itace a gareji da ya rage tun hunturu, mu taho da shi?

Kafinta Na-Gwammaja, St. Cloud

Akwai wani gini da ake kira Clubhouse, na 1911, mai ɗakunan kwana goma, ana ba da shi haya gaba ɗaya ga iyali ko ƙungiya. Amma bene ne, kuma masu taron dangi na rububinsa, ga shi ya yi muku yawa. Ni da Hajiya da ku a Four-Season Suites zan bari, mutanen Fargo su nemi ɗakin katako a kusa, a riƙa haɗuwa wajen cin abinci. Su dai karanta bayanin kowane ɗaki da kyau kafin su biya, don ba duka ke da wurin girki ba. Kowace mota kuma sai ta sayi takardar shiga, zuwana na ƙarshe dala 7 ce ta yini, 35 ta shekara, ta shekarar kuma tana shigar da ku duk gandayen jihar.

Itacen garejin a bar shi a gareji. An hana shiga da itacen da hukuma ba ta amince da shi ba, saboda wani ƙwaro mai kashe itatuwa da ke ɓuya a ƙarƙashin ɓawo, an fara ganinsa a jihar a St. Paul ɗinku a 2009. Za su iya karɓe shi su kuma ci ku tara. Ana sayar da itace a cikin gandun, ko ya taho da gawayin kanti. A inda aka tanada kawai ake hura wuta, daga goma na dare kuma ba a son hayaniya, saboda haka ya fara gashin tun la'asar sakaliya. In an gama a kwashe ƙashi da sauran nama a kai kwandon shara mai murfi, kada a bar komai a baranda, akwai dabbobin dawa da ke zagayawa da dare har da beyar.